Zakaran Wyoming Mai Rawar Asuba

A dajin yammacin Amurka, musamman jihar Wyoming, akwai wani tsuntsu dangin kaji mai suna sage grouse. Daga Maris zuwa Mayu, tun da asuba, zakarun kan hallara a filin da kakanninsu suka saba, kamar samari a dandali. Kowa ya baje jela, ya hura jakunkunan iska biyu masu ruwan ɗorawa a ƙirjinsa, ya saki ƙara, ya sake hurawa. Matan kuwa kiwonsu suke, suna kallo ta wutsiyar ido. Daga bisani yawancinsu su bi zakara ɗaya ko biyu, sauran su tashi a tutar babu. Gwanin ma, ƙwai da 'yan tsaki ba ruwansa.

Masaniya Gail Patricelli ta Jami'ar Kalifoniya ta ƙera macen ƙarya mai inji, ta tura wa zakarun. Wallahi rawa suka yi mata!

Sai dai filin na ƙarewa, ga rijiyoyin mai da gas, ga gobarar daji. Wani rahoton gwamnati na 2021 ya ce tsuntsayen sun ragu da kashi 80 cikin ɗari tun 1965. Inda injinan haƙa suka cika ƙara kuwa, zakaru da yawa sukan daina zuwa dandalin.