Kek a Goronyo?

Idan 'yar autarka ta bari sai da hantsi sannan ta tuna maka yau take cika shekara, kuma kek take so, to kai mutumin Goronyo ka shiga uku. Ruwa ga shi a dam, albasa da tafarnuwa ga su buhu-buhu. Amma kek mai kirim, da suna a rubuce? Tambayi mai gidan burodi, zai miƙo maka mai zafi ya ce, "Alhaji, wannan ma da sukari a ciki."

A Wurno za a nuna maka hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a Rabah a gaya maka nan aka haifi Sardauna. Duk abin alfahari ne, sai dai ba a yanka shi a raba wa yara.

Saura Sakkwato. Ka sayo, ka ɗora a cinya cikin motar haya da zafin Afrilu, kafin ku iso sunan yarinyar ya narke ya gangaro gefen kwali.

Malam, aika gidan tsohuwa mai alkaki. A tula a faranti, a soka kyandir a tsakiya. Wanda ya rage, har mako mai zuwa ana ci.