Me Ya Haɗa Hanci da Ƙafa?

Na san ku, 'yan gardamar teburin mai shayi. Da an ce mura kan iya kwantar da ƙato ya kasa taka ƙasa, sai wani ya gyara hula ya ce, "Haba Malam! Murar da muke kora da citta da kanumfari? Me ya haɗa hanci da ƙafa?" Ranka ya daɗe, ajiye kofin tukuna.

Ƙwayar murar ba ta taka ta je ƙafa ba, garkuwar jikinka ce ta yi aika-aikar. Ta fito farautar ɓarawo kamar 'yan sintirin unguwa cikin duhu, ta ga mai gida sanye da riga irin tasa, ta rufe shi da duka. Wasu sassan ƙwayar cuta suna kama da abin da ke lulluɓe da jijiyoyi, sai sojojin jiki su kasa bambancewa, su yi ta ɓare lulluɓin har saƙon ƙwaƙwalwa ya daina isa.

Likitocin Faransa, Guillain da Barré da Strohl, su suka bayyana ciwon a 1916, a jikin sojoji biyu, shi ya sa ake kiransa Guillain-Barré. Yadda yake zuwa shi ke ruɗa mutane. An yi tari ko gudawa, an warke, har an koma kasuwa. Bayan mako ɗaya zuwa uku sai yatsun ƙafa su fara jin kamar ana tsira musu allura, silifa ta riƙa zamewa ba a sani ba, tashi daga tabarma ya zama aiki. Raunin ya yi ta hawa, ƙafafu biyu tare, wani lokaci har ƙirji. Nan ne Goggo za ta tafa hannu ta ce jifa ne. Goggo, Allah ya ja kwana, wannan majefin a cikin jini yake kwana.

"To mu da muke mura duk hunturu, ina muka shanye?" Madalla da tambaya. Abin ba ya da yawa, mutum ɗaya ko biyu cikin 100,000 a shekara, kuma akasari suna warkewa in an kai su asibiti da wuri, a tace jini ko a yi ƙarin sinadaran garkuwa. Ma'aikatan sa ido kan shan inna sun san shi sarai, domin duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da ƙafarsa ta saki farat ɗaya sai an bincika, kuma sau da yawa wannan ake tararwa.

Kai kuma da ka ji "garkuwa ce ta yi aika-aikar" har ka miƙe za ka kemis sayen dexamethasone, maganin danne garkuwa, koma ka zauna. Ya ceci masu korona da ke kan na'urar numfashi a wani gwaji da aka yi a Birtaniya a 2020, amma wannan ciwon ba ya jin sa. Iyaka ka sha kumatu su cika, ƙafar tana nan yadda take.