Taron Noti a Mairuwa

Da ruwan farko ya sauka a watan Mayu ko farkon Yuni, manoman Mairuwa kan ciro garmar shanu daga bayan rumbu, inda ta kwana tun kaka. Sai a zo daidaita tayar gaba, a ɗora sifana mai lamba 17 ko 19 a kan notin da ke riƙe da ita, a murɗa. Kan notin ya faɗo ƙasa, gindinsa ya yi zamansa cikin rami, tsatsa ta rungume shi. Kafin mai garma ya gama salati, jama'a sun taru, kowa da fatawarsa.

Wanda ke fara isowa shi ne Sarkin Ƙarfi. Ba ya tambaya, hannun riga kawai yake naɗewa. "Kawu, ba ni filaya." Guntun da ya leƙo waje, wanda shi kaɗai ne abin kamawa, a cizo uku zai murje shi ya koma sumul. Daga nan ya nemi guduma. Sau da yawa ma dama yake murɗawa, alhali noti hagu yake kwancewa. In ka yi magana ya ce ai fedar keke ta hagu haka take. Gaskiya ne, fedar hagu juyinta a birkice yake, amma abin da ke gabanmu garma ce.

Bayansa sai Malam Jiƙa-shi, dattijo mai sanyin murya. Shi komai na duniya jiƙo ne maganinsa: kananzir, baƙin mai, man birki, har da Coca-Cola in yaro ya wuce da kwalba. A nan ina da ɗan sassauci, domin maganarsa akwai hujja. Mai marar kauri yana bin tsakanin tiredi, in ana ɗan ƙwanƙwasawa a hankali tsatsar tana saki. Matsalar Malam lissafin kwana. Ka ce masa shanu na ɗaure a bakin gona, ƙasa tana shanye laima, ya ce, "Ɗana, bar shi zuwa jibi." Jibi ta yi ya ƙara mai, ya ce gata. Masarar maƙwabci ta tsiro, taka garma tana wanka.

Akwai Mai Wuta, wanda ya taɓa zama a maƙera yana yaro yana zuga. Ya san zafi yana buɗa ƙarfen da ke kewaye da noti, ya farfasa tsatsa, kuma a garma wannan dabara tana ci. Sai dai shi bai bambance kaya ba. Ka kawo masa injin feshi na goyo da bakinsa ya karye a cikin roba, nan ma garwashi zai nema.

Ɗan Waya kuwa ya gani a TikTok. Wani Bature a Amurka, cikin shago mai fitila tar, ya huda tsakiyar notin da diril, ya cusa wani ƙarfe mai juyin hagu, noti ya fito salin-alin. Sai a tura yaro kan mashin zuwa Funtua nemo ƙarfen, da gargaɗin ya dawo kafin la'asar, tunda hanyar Gusau da zai bi yanzu ba ta tafiyar yamma ba ce. Abin da hoton bai nuna ba: ƙarfen nan tauri gare shi amma ba ya jure lanƙwasa. Ya karye a ciki, diril ɗin da ya huda noti ba zai huda shi ba. An wayi gari da baƙo biyu a rami ɗaya.

Kada a manta da Ma'ari, wanda a hannunsa abin ya lalace tun bara. Yana tsaye a bayan taro, hannu a baya, yana girgiza kai. "Wallahi Alhaji haka na karɓe ta." Shi ne kuma mai yawan cewa ƙarfen yanzu ba ƙarfe ba ne.

Na ƙarshe yana zaune a kan benci bai taɓa komai ba. Sai an gama ɓata rami zai ce, "Da ni aka fara tambaya." Ba a taɓa jin abin da zai ce ba da an tambaye shi.

Mai walda na bakin titi ba ya cikin masu fatawa, domin ba ya zuwa taro, taro ke zuwa wurinsa. Ya ɗora sabon noti a kan guntun, ya cika tsakiyarsa da walda, ya koma shan shayinsa har ƙarfe ya huce. Zafin ya riga ya karya tsatsa, ga kuma sabon kai da sifana za ta kama. Ya murɗa hagu kaɗan, dama kaɗan, ya ɗiga mai, ya sake. In ramin bai sha guduma ba, aikin ba ya kai tsawon hirar da aka yi a kansa. In ya sha, kuɗin aiki ya ninka, kuma ba Sarkin Ƙarfi zai biya ba.

Don haka manomin Mairuwa, da na Sheme da Yankara, har Ƙanƙara da Sabuwa: bana in ka gama huɗa, shafa wa notin garmarka giris kafin ka jingine ta. In kuma ya riga ya karye, rufe ta da buhu, ka bi ta bayan gida zuwa wurin mai walda.