Madugun Kabara zai kai 'yarsa ganin teku

Zuwa ga bawana, Bakanon Kabara. Bayan gaisuwa irin ta ubangida ga yaronsa, ina fata kun tashi lafiya, kuma gurasa ba ta ƙara kuɗi a Jakara ba, don na san ranar da ta ƙara ba mai jin daɗinka a gida.

Labari ya iso mana Zariya cewa za ka tafi hutu. Na ce wa mai kawo labarin ya sake tunani, wataƙila saro ka ce, kunnensa ya ji hutu. Ya rantse. Sai ga takardar tsarin tafiyar da ka turo min da hannunka, wai in duba maka tunda mu ne masu ilimi. To, madalla da ka san wannan. Za ka ɗauki Maman Ummi da Ummi, 'yar shekara uku, ku gangara Legas a mota, ku bi bakin teku ta Kwatano da Lome har Akra, ku taɓa Cape Coast, ku dawo, duk a kwana goma. Na karanta daga sama har ƙasa ina neman inda aka rubuta teku. Abin da na gani shi ne Dantokpa a Kwatano, babbar kasuwar Lome, Makola a Akra. A gefen Lome har ka ja layi biyu ka rubuta "atamfa". Bakano, wa kake yi wa wayo? So kake ka je ka ga inda matan nan 'yan kasuwa da ake kira Nana Benz suka yi kuɗi da atamfa har suka riga manyan gari hawa Marsandi, ka auna farashinsu da na Kantin Kwari, ka dawo ka ce ka kai iyali shan iska.

Kuma ma ina kai ina ruwa? Na san abin da za ka ce. Za ka gyara hula ka ce unguwarku ta samo suna daga Malam Umaru Kabara, wanda ya zo Kano daga Kabara ta Tumbutu, ita kuwa tashar jiragen ruwa ce a bakin kogin Neja. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma malamin littattafai ya kawo muku, bai kawo kwalekwale ba. Gadon da ya bari shi ne karatu da zikiri, shi Shehu Nasiru Kabara ya ɗaukaka har duniya ta san Gidan Ƙadiriyya. Kai kuwa ruwan da ka sani kududdufi ne da kwatar Jakara, sai dam ɗin Tiga da ka taɓa hangowa daga cikin mota, gilashi a rufe.

Mu fara da hanya. Daga Kano zuwa Legas wajen kilomita 1,000 ce, ka ba ta kwana ɗaya a takardarka, wai za ku hau motar dare daga Sabon Gari. Kai da ka saba naɗe ƙafa a kan buhu ba abin da zai same ka. Yarinya kuwa da an wuce Kwanar Ɗangora za ta fara tambaya ko an iso, kafin Kaduna ta nemi fitsari, direban motar dare kuma ba ya tsayawa don fitsarin kowa. Raba wannan tafiya gida biyu ko uku, ku yi ta da rana. Akwai jirgin ƙasa daga Rigasa ta Kaduna zuwa Idu ta Abuja tun 2016, akwai wani daga Moniya ta Ibadan zuwa Ebute Metta a Legas tun 2021. A cikin tarago yaro yana iya miƙe ƙafa, ya je banɗaki, ya leƙa taga. Na san abin da ke cin ranka kuɗin tikiti ne. Ka ciza haƙori ka biya. Kuma ko ta ina ka bi, dole ka ratsa ta Kwangilar Zariya, don Allah bai yi wa Bakano hanyar zuwa kudu ba sai ta ƙofar iyayen gidansa. Ka tsaya ka yi gaisuwa, ka cire takalmi.

Na ga ka soke tsohuwar hanyarku ta Maraɗi, Dosso, Gaya, Malanbil, Faraku. Nan kam ka yi hankali, tunda gadar Malanbil ta shiga rikicin rufewa tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Wanda ya ba ka wannan shawara, na tabbata yana da dangi a Zariya.

Daga Legas zuwa Akra ba ta kai kilomita 500 ba, shi ya sa ka raina ta. Abin da ba ka lissafa ba shi ne iyaka uku: Seme, sai Hillacondji tsakanin Benin da Togo, sai Aflao wadda ke manne da birnin Lome. A kowace sai an sauko, an bi layi, an buga hatimin fita, an buga na shiga, rana tana dukan ƙeya, yarinya tana saɓe a kafaɗa. Kafin ma a kai Seme, shingayen da ke tsakaninta da Badagiri sun isa su koya wa mutum haƙuri. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ka kwana 90 ba biza, amma ba ta ce ka zo hannu rabbana ba. Ummi sai da fasfonta na kanta. Zamanin liƙa hoton yaro a na uwarsa ya wuce. Ka riƙe takardar haihuwarta. Sannan katin allurar shawara, wannan mai launin rawaya, naku duka uku. Ana yi wa yaro allurar tun yana wata tara, sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, amma katin ba ya aiki sai bayan kwana goma da yin ta. Don haka ka duba naka tun yanzu, kai da ake kamawa mutum huɗu kafin a yi maka allura. Kada kuma in ji ka ce akwai wani yaro da ke buga katin ba sai an tsira wa mutum komai ba. Sauro ba ya karanta kati.

Zancen tafiya da motarka kuwa, ka bar shi. Bayan inshorar ƙetare iyaka ta ECOWAS da takardar izinin shiga da mota a kowace ƙasa, akwai ita kanta motar, wadda Maman Ummi ta ce ba ta tashi da safe sai almajiran makarantar allo sun tura. A Grand-Popo ta Benin wa zai tura maka?

Wurin kuɗi ne kaɗai na san ba za a cuce ka ba. Ka je Wapa wurin 'yan canji ka sayi sefa, ita ce a Benin da Togo, a Aflao ka koma sidi. Sai dai ka sani sefa a ɗaure take da yuro, kusan 656 kan ɗaya, ba ta san "albarka" ba, ba ta san "rage min don Annabi" ba. Kuma da kun shiga Togo ka mayar da agogonka baya da awa ɗaya, har Gana haka ne. Agogon cikin Ummi ba zai koma ba. Lokacin da ta saba cin abinci a Kabara, lokacin za ta buɗe murya.

Yanzu ga tekun da aka ce dominsa za a yi tafiyar. Na ji an ce za ku fara da Bar Beach, wadda yayanka ya ɗauki hoto a bakinta tun muna samari. An cike ta da yashi tuni, an dasa unguwar Eko Atlantic a kai. In ka je, masu gadi za ka gani. Tekun gaske yana gaba, daga Wida zuwa Grand-Popo zuwa Aneho, farin yashi da bishiyoyin kwakwa iyakar ganinka. Kyau kam akwai shi. Amma gaɓar nan tana da gangare, igiyar ruwanta tana dukan ƙasa da ƙarfi, in za ta koma kuma sai ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafar mutum ta ja shi ciki. Masuntan da aka haifa a wurin ma suna shakkar ta. Wannan ba zolaya ba ce: kada ka saki hannun yarinyar nan a bakin ruwa ko da na amsa waya ne, ko da daga Kwari ake kira. Ku zauna can sama inda yashi ya bushe, ka saya mata bokiti da ƙaramin shebur. Yaro ɗan shekara uku zai yi awa biyu yana haƙa rami yana cikewa, ya fi kowa jin daɗin ƙasar waje. In kuna son ruwa mai hankali, ku shiga kwalekwale daga Kalabi zuwa Ganvie, garin da aka gina a kan turaku a tsakiyar tafkin Nokwe, ka nemi rigar ruwa daidai jikinta kafin ku hau. Kai kuma ka zauna a tsakiya ka yi ta wuridi, ba wanda zai faɗa wa mutanen unguwa, sai ni.

A Wida akwai ɗakin mesa, inda ake rataya wa baƙo maciji a wuya a ɗauke shi hoto. Ina roƙon Maman Ummi ta riƙe wayar da kyau. Mutumin da ke hawa kujera in ya ga tsaka, ina so in ga fuskarsa. Ba kowa ne Bayajidda ba.

Daga nan hanya ta miƙe zuwa bakin teku, inda aka gina Ƙofar Ba Dawowa a 1995. A nan zan ajiye kiran "bawana" na ɗan lokaci, don wurin ba ya ɗaukar wasa. Cikin waɗanda aka fitar ta wannan gaɓa a farkon ƙarni na 19 akwai Hausawa, aka kai su Bahiya ta Burazil, wasunsu suna cikin Musulmin da suka yi bore a can a 1835. Ka tsaya ka yi musu addu'a. In Allah ya kai ku Elmina, ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482, ko ta Cape Coast, kada ku shiga da Ummi ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Duhu ne da zafi da labarin da ya fi ƙarfin kunnenta. Ɗaya ya shiga, ɗaya ya zauna da ita a waje tana kallon jiragen masunta, sannan ku yi musanya.

Abinci ba zai ba ku wahala ba in kun nemi Zango. Akwai shi a Kwatano, akwai a Lome, a Akra kuwa ga Nima ga Sabon Zango, inda za ka yi ciniki da Hausa, ka karya da koko da ƙosai, da rana shinkafa da wake, da dare tuwo. Ka yi Juma'a a babban masallacin Kanda da aka buɗe a 2021. Limamin ƙasar, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, haihuwar 1919, Bahaushe ne. Batijjane ne kuma, amma ba zai ƙi amsa gaisuwar ɗan Ƙadiriyya ba. Gurasa ce dai babu. Ka fara yaye kanka tun yanzu. Ruwan roba kaɗai za ta sha, ka sa gidan sauro da ƙullin gishiri da sukari na asibiti a saman jaka, kuma in jikinta ya yi zafi a gwada jini a ranar, kada ka tsaya lissafin kuɗin gwaji. Ka guji watan Yuni, lokacin da ruwan sama ke kwana yana zuba a gaɓar. Ƙarshen Disamba kuma iyakokin cike suke da masu tafiya Kirsimeti. In ka sa tafiyar ta ci karo da Maukibin Ƙadiriyya a Rabi'us Sani, kai da mutanen Kabara, ba ruwana.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne jikan fatake ya manta yadda ake tafiya. Kakanninku da ke zuwa Gwanja sayen goro watanni suke yi kafin su ga Salaga. Da asuba ake ɗaura wa jakai kaya, kafin rana ta take an sauka zango. Madugu ba ya auna tafiya da ƙarfin ƙafarsa, da ƙarfin mafi rauni a ayari yake aunawa, shi ya sa ake kai wa da rai da kaya. Alhassan Ɗantata ma, da ya san hanyar Akra tun yana saurayi, da ya ga wahalar ƙasa ta yi yawa sai ya riƙa ɗora goronsa a jirgin ruwa zuwa Legas. A ayarinka mutum uku, Ummi ce ke yanke zango. Kai jagaba ne kawai, mai ɗaukar jaka da biyan kuɗi. Da kun bar Legas, awa uku ko huɗu a mota ta ishe ta a yini, kuma duk inda kuka sauka ku kwana biyu ko uku. In ka yi wannan lissafi za ka ga kwana gomanka ba su wuce Grand-Popo ba, in an matsa a leƙa Lome. To ku tsaya nan. Gana tana nan, ba inda za ta, ka bar ta sai yarinya ta shiga firamare ta iya tuna abin da ta gani. In kuwa ka kafe sai Elmina, ka rufe shago mako uku, mu ga ko zuciyarka za ta ɗauka.

Na yi magana da Maman Ummi, mun shirya. Za ta ƙirga jakunkunan da kuka fita da su daga Kabara, ta ƙirga waɗanda kuka dawo da su, ta turo min. Duk wadda ta ƙaru tawa ce, a madadin kuɗin sharar da ka ci min tun Cika-cikin bara. In atamfa ce a ciki, uwargidana ta ce ta fi son mai ruwan ganye.