Mita 402 da buhu biyu na albasa

Taubashina makanike ne a Madawa, kuma tun ranar da ya ga tseren motocin Amurka a wayar wani yaron garejinsa barci ya ƙaurace masa. Tseren ba shi da kwana ko ɗaya. Motoci biyu ke jerawa, fitila ta yi kore, su fizga a miƙe har mita 402, wato rubu'in mil. Ƙungiyar NHRA da Wally Parks ya kafa a 1951 ce ke kula da abin a can, kuma manyan motocinta, tun da aka rage musu tazarar zuwa mita 305 a 2008, ba sa cika daƙiƙa huɗu sun gama. Shi kuwa abin da ke hannunsa Fijo 504 ce ta kawu, wadda aikinta kwaso albasa daga kwarin Tarka zuwa kasuwa.

Ya yi karatunsa, wannan ba a hana shi ba. Ya gano cewa masu wannan wasa sun fi damuwa da mita 18 na farko, don wanda ya tashi da kyau ya kusa cin tsere. Ya haddace dokoki: a rage nauyi, tunda an ce duk kilo 45 da aka sauke yana rage kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, a sassauta iskar tayoyin baya, a murza su a tsaye har su yi hayaƙi su ɗau zafi.

Sai neman fili. Babbar hanyar da ta taho daga Konni ta wuce Maradi tana da kwalta, amma tana da jandarmomi da tireloli. Wani ya kawo shawarar tudun Keita, aka tuna masa cewa tun aikin farfaɗo da ƙasa da Italiya ta tallafa daga 1984, wurin da ba dutsen Allah to jeren duwatsun ɗan Adam ne. Aka tsaya kan wata hanyar jan burji da ta ratse daga hanyar Buza. Da igiyar guga aka auna tazarar, aka kafa tsohuwar taya a ƙarshe. Wani yaro ya zama fitila: in ya jefar da hularsa, a tashi. Ni aka ba riƙon agogo.

Daren jajibere taubashin nawa ya yi wa motar fiɗa. Ya cire kujerar baya, da safaya, da jak, da salansa, har da makullin but, wai shi ma ƙarfe ne. Abin da bidiyon bai gaya masa ba shi ne hanyar Amurkawan feshe take da wani danƙo mai riƙe taya, kuma 504 da ƙafafun baya take turawa. Duk abin da ya cire, kan waɗannan ƙafafun yake zaune.

Hula ta faɗi. Injin ya yi kuwwa, taubashin nawa ya saki kuloci gaba ɗaya, ƙura ta turnuƙe har muka daina ganin juna. Da ta lafa, ga Fijo nan inda take, ta haƙa wa kanta ramuka biyu ta zauna ciki. Wani mai amalanken jaki ya zo ya wuce, ya yi mana sannu da aiki.

«Nauyi take so a baya,» in ji makanike, yana kallon tumbina. «Kai bawana, shiga but.»

Na ce ai kowa ya san wane ne bawan wani tsakaninmu, amma na shiga. Motar kuwa ta tashi, wannan na shaida da ƙeyata da gwiwoyina. Sai dai da muka isa tayar ya leƙo yana tambayar daƙiƙa nawa, alhali mai agogon yana naɗe cikin but yana salati.

Nan dabara ta zo masa. Aka koma gida aka saci jiki aka ɗauko buhu biyu na albasar kawu, ƴar Galmi mai ruwan shuni, wadda ya ɓoye sai ta yi tsada. Wannan karon bai yi mata haukan mai ba, ya ɗaga ƙafa daga kuloci a hankali, tayoyin suka kama ƙasa, Fijo ta cilla. Gaskiya tashin ya yi kyau. Da ta faɗa wani gargada sai murfin but, da ba shi da makulli, ya wangale, bakin buhu ya kwance, albasa ta bi hanya tana gangarawa. Matan da ke dawowa daga rijiya suka ajiye tuluna suka buɗe zannuwa.

Daƙiƙa ashirin da ƴan kai agogona ya nuna. Muna tsakar murna sai ga kawu a bayan ɗan kabu-kabu, ashe rashin salansa ya kai masa labari tun daga masallaci. Ya dubi hanya, ya dubi motarsa da ba kujera.

«Baba, ku duba lokacin da ta yi,» in ji makanike, yana miƙa masa agogona.

Kawu bai karɓa ba. Ya ce tunda mun iya awo, mu fara daga tayar can mu tsince masa abinsa ɗaya bayan ɗaya, wadda matan suka tafi da ita kuma zai lissafa mana da farashin damina.