Giga Huɗun da Suka Ɓata a Silver Spring

Mu mutanen Kano muna da haƙuri a kan abubuwa da yawa, amma ban da tauye awo. Ka zage mu, mu yi dariya. Ka taka mu, mu ce ba komai. Ka ba mu rabin abin da muka biya kuɗinsa kuwa, to sai inda ƙarfinmu ya ƙare. Da wannan halin na sauka a Silver Spring ta jihar Maryland, nan gefen birnin Washinton, inda nake aikin ofis a ranakun mako, Asabar da Lahadi kuma ina ɗaukar wa 'yan uwanmu Hausawa bidiyon biki da suna.

Harkar bidiyon ce ta kai ni sayen katin hoto. Tsohuwar kwamfutata in na ɗora mata bidiyon kamu sai ta kama nishi. Amarya za ta ɗaga ƙafa a allo, in je in haɗa shayi in dawo ba ta sauke ba. A 2021 katin hoto ya fi ƙarfin talaka, domin masu haƙar kuɗin kirifto sun wawashe kasuwa. Da kuɗin Ethereum ya daina amfani da irin wannan haƙa a Satumbar 2022, sai katuna na hannu suka cika intanet, kowa na neman kai da nasa. Nan na ga tallar katin RX 580, mai ma'ajiya giga 8, a farashin da ya sa na gyara zama.

Muka yi da mai shi za mu haɗu a filin ajiye motocin wani kanti a Fairfax, can Bajiniya. Na sha cunkoson babban titin Beltway, na isa na tarar da wani dogon Bature sanye da gajeren wando cikin sanyin Disamba. Na taya, ya sallama nan take. Tun daga nan zuciyata ta ɗarsa. Mai kayan da ba zai ce albarka ko sau ɗaya ba, ai akwai lauje cikin naɗi.

A gida na soka katin a raminsa, na kunna, fankokinsa biyu suka juya, amarya ta shiga tafiya sumul. Sai na ce bari in buɗe wata manhajar duba kayan cikin kwamfuta, in ga giga takwas ɗina da idona. Abin da ta rubuta shi ne 4095 MB. Na goge tabarau na sake dubawa. Ko giga huɗun ma bai cika ba, an gutsire masa ɗaya.

"Maman yara, zo ki ga Bature ya cuce ni!"

Ta leƙo da muciya a hannu. "Ba ya aiki ne?"

"Yana yi."

"To mene ne?"

"Rabi ne!"

"Malam, tuwo yana hucewa," ta ce, ta juya abinta.

Daren nan ban runtsa ba. Na goge manhajar da ke sarrafa katin na sake sauke sabuwa: 4095. Na zare shi, na hura, na goge haƙoransa, na mayar: 4095. Na shiga BIOS na taɓa nan na taɓa can, allo ya yi baƙi ƙirin, sai da na ciro ɗan batirin cikin kwamfutar na mayar kafin ta farfaɗo. Tana buɗe ido ta gaishe ni da 4095.

Ranar Juma'a, bayan an sallame a masallacin Turkawa na Lanham, na faɗa wa mutum ɗaya tak. Kafin in nemo takalmina an kafa kwamiti. Shugabansa Alhaji ne, wanda ya daɗe yana tuƙa tasi a Washinton, kuma babu ƙarar taron dangi da za a shigar a Amurka bai san da ita ba, don ba ya wuce fom ɗin karɓar diyya. Mataimakinsa Injiniya, mai gadin ɗaya daga cikin manyan gine-ginen adana bayanai na Ashburn. Bai taɓa shiga ɗakin da kwamfutocin suke ba, amma mun yarda iskar wurin ta ratsa shi.

"An taɓa yi, ɗan nan," in ji Alhaji, ya kuma zayyano labarin GTX 970 tiryan-tiryan. Kamfanin Nvidia ya fito da katin a Satumbar 2014 a kan dala 329, kwali ya ce giga 4. Masu wasa da shi suka lura da zarar aiki ya wuce giga uku da rabi sai ya fara tangaɗi. A Janairun 2015 kamfanin ya amsa cewa an raba ma'ajiyar gida biyu: giga uku da rabi masu gudu, da rabin giga da saurinsa bai wuce kashi ɗaya bisa bakwai na sauran ba. Aka maka su a kotun tarayya a Kalifoniya, a 2016 aka sasanta a kan dala 30 ga duk wanda ya saya a Amurka. "Rabin giga, dala talatin," in ji Alhaji yana lissafi da yatsu. "Kai giga huɗu. Dala ɗari biyu da arba'in ke nan, ban da ɓacin rai."

Injiniya ya ce shi jabu yake zargi. Ya ce akwai 'yan damfara da ke ɗaukar tsohon kati irin GTS 450 na 2010, su canza bayanan da ke cikinsa, ya riƙa kiran kansa GTX 1050 Ti. Na ce, "Injiniya, ai jabu ƙara wa kansa giga yake yi. Wannan ragewa ya yi." Ya yi shiru, can ya ce, "Ƙila jabu ne mai tsoron Allah."

Asabar kwamiti ya hallara a falona. Uwargida ta dafa shinkafa da kaji, ba don ta yarda da shari'ar ba, sai don baƙo baƙo ne. Aka shimfiɗa jarida a teburin cin abinci, Injiniya ya naɗe hannun riga ya karɓi sukurdireba. Ya kwance sukurori huɗun nan masu sifirin da ke baya, ya murɗa, ƙarfen sanyaya ya ɓamɓaru da ƙara. Ƙura ta tashi Alhaji ya yi atishawa. A tsakiya ga ƙwaƙwalwar katin da busasshen man toka-toka a kanta, kewaye da ita kuma ƙananan baƙaƙen ma'ajiyoyi a jere. Injiniya ya ƙirga da tsinken sakace, muna amsawa. "Takwas cif!" Ya ajiye tsinken. Kaya sun cika, allo ya ce rabi. Wani daga baya ya kawo shawarar a tofa wa kwamfutar addu'a.

Alhaji dai bai yarda a ɓata lokaci ba. Ya sa na rubuta wa Baturen saƙo, yana faɗa ina rubutawa, har da lauya da babban mai shari'a na jiha. Amsa ta zo kafin mu gama cin kaza: in dawo da katin ya ba ni kuɗina. Alhaji ya buga tebur. "Ka gani? Yana son ya ɓatar da shaida! Kada ka kuskura."

Ana cikin haka 'yar yayata ta shigo da buhun wankinta daga College Park, inda take karatun kwamfuta a Jami'ar Maryland. Ta durƙusa ta gaishe da kowa, ta dubi tebur.

"Kawu, wa ya yi wa katin nan fiɗa?"

Injiniya ya yi mata bayanin takwas ɗinsa. Cikin ladabi ta ce, "Baba, ai mai giga 4 ma guda takwas gare shi, sai dai kowane rabin giga ne." Tsinken sakace ya koma baki. Ta aike ni sayen sabon man sanyaya, ta goge tsohon, ta ɗiga sabo, ta ɗaure. Sannan ta sauke wata 'yar manhaja mai suna GPU-Z, wadda tun 2018 take tona asirin katunan jabu. Ta buɗe: 8192 MB.

"To waccan fa?" na tambaya.

Ta ce waccan tana karanto girman ma'ajiya ne daga wani tsohon gurbi mai bit 32, wanda ƙirgarsa ba ta kai bayit 4,294,967,296 ba, wato giga 4. Ko katin giga 24 ka soka, abin da za ta iya faɗa ke nan. "Kawu, hatsinka yana nan. Mudun ne ƙarami."

Alhaji ya ce duk da haka a duba ko za a iya kai masu mudun ƙara. Injiniya ya tsinci sukuru ɗaya a aljihunsa, ya ce daman ƙari ne. Baturen kuwa tuni ya toshe lambata. Da na haɗa kuɗin mai, da man sanyaya, da kajin da kwamiti ya cinye, sai na ga da sabon kati na saya a kanti da rasit ɗinsa, da na samu canji.

Sai dai labari ya riga 'yar yayata gudu. Juma'ar da ta biyo, mutane suna riƙe hannuna suna cewa Allah ya mayar da alheri. Daga Lanham zance ya tsallaka Kano ta WhatsApp, a hanya kuma MB ta faɗi, dala ta hau. Da asuba wayata ta yi ƙara, Yaya ne daga Fagge.

"An ce wani Bature ya damfare ka dala 4095, ka yi shiru ba ka gaya mana ba."

"Yaya, ba dala ba ce, giga ce, kuma an gan su."

"Alhamdu lillahi, tunda an gan su. Daman rufin ɗakin Inna yana yoyo, ga kuɗin makarantar yara. Rabi ma ya isa."