Wasiƙa Zuwa ga Malam Kitse

Daga Unguwar Rogo, Birnin Sakkwato, zuwa ga Malam Kitse, mazaunin tumbi. Gaisuwa mai yawa da ban girma. Amma ba'adu:

Tun ranar da ka sauka wurina ta hanyar balangu da man shanu da manjan miya, ban taɓa musun falalarka ba, domin masana sun tabbatar cewa kowane giram naka yana ɗauke da kalori 9, alhali na sitaci da sukari bai wuce 4 ba, kuma Allah cikin hikimarsa ya ajiye ka guzuri saboda lokacin da sukarin da hanta ta taskace zai ƙare, shi kuwa bai cika wuce kwana guda ba.

Sai dai ina tunatar da kai sharaɗin zamanka. Idan azumi ya yi nisa, ko tafiya ta tsawaita, insulin ya ja da baya, wajibi ne ka rabu gida huɗu, wato gilisarol ɗaya da sarƙoƙin mai uku, sarƙoƙin su bi jini har wani dogari mai suna kanitin ya shigar da su mitokondiriya, inda ƙwayoyin jiki ke ƙona abinci. A can kuwa za a riƙa datse su kabon biyu-biyu, kamar yadda mai rake ke sara gaɓa-gaɓa, har sarƙa mai kabon 16, irin wadda ta yawaita a manja, ta zama gunduwa 8 bayan sara 7. Wannan hukunci ba ni na ƙaga shi ba, Bajamushe Franz Knoop ne ya gano shi a 1904, bayan gwaji a kan karnuka.

Abin takaici, ko a watan Ramalana da la'asar kake fita, sa'an nan da magariba ka dawo cikin ƙosai da soyayyen dankali, kai da iyalanka. Saboda haka na sallami ɗan kabu-kabuna, daga yau da ƙafa zan riƙa zuwa kasuwa, duk da zafin Sakkwato. Kada ka nemi ƙofa wajen gumi, domin fiye da kashi 80 cikin 100 naka ta huhu zai fita a matsayin iska, saura kuwa ruwa ne.

Alfarma ɗaya nake roƙo: idan ka tashi, ka bar mini wakili kaɗan saboda hunturu.

Haza wassalam.

Mai masaukinka.